Wankan Bushmala

Sha'aban mutumin Kura ne, kuma ba zai bari ka manta ba. Ko ruwan sha ka miƙa masa sai ya gaya maka a lambu ya buɗe ido, yana bin mahaifinsa tsakanin kunyar albasa da ta tumatir. Shekararsa goma sha ɗaya ke nan a Riyad, a unguwar Nasim. A jikin iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a Saudiyya, direba aka rubuta, shi kuwa a ransa manomi ne da aka damƙa wa makullin mota. Matarsa Hansai da 'ya'ya huɗu suna gida, yana zuwa ganinsu duk bayan shekara biyu.

Wata tsohuwa yake tuƙawa, ana ce mata Ummu Amir, shi kuma Mama yake kiranta. Fitarta ba ta wuce asibiti da gidan 'yarta, saboda haka lokaci ya yi masa yawa, ya zuba shi duka a tsakar gida. A nan akwai itatuwa uku na bushmala, wani itace mai faɗin ganye da 'ya'ya rawaya masu ɗan tsami, girmansu bai wuce na ƙwan zabo ba. Marigayi mijinta ne ya ɗauko dashen daga garinsu mai sanyi a kudu, ya dasa su jikin katanga, ya ɗaura musu rumfar raga saboda ranar Riyad ba ta da mutunci. Na tsakiya shi ne babba, a gindinsa take ajiye kujera ta sha shayi.

Ba wanda ya sa Sha'aban kula da su, shi ya sa kansa. Duk yamma bayan la'asar sai ya ja tiyo ya yi musu wanka tun daga ƙoli har ƙasa, don ba ya iya ganin ƙura a kan ganye ya yi shiru. Ganyen da ya zuba da 'ya'yan da suka faɗo kuwa sai ya share ya tara a gindi su zama taki, yadda ya ga ana yi a gida. Mama tana daga kujerarta tana sa masa albarka, shi kuma yana ƙara ɗaga tiyo sama.

A damunarsu ta sanyi, shekarar da aka ɗan yi ruwa, tabo ya fara fitowa. Ɗigo-ɗigo ne masu ruwan ƙasa a ganye, suka faɗaɗa suka yi baƙi. Da 'ya'ya suka fara nuna, sai su lotsa a gefe ɗaya su ruɓe tun suna sama. Sha'aban ya ce ƙishi ne, ya mayar da wanka sau biyu a rana. Abin ya ƙara lalacewa, kan rassa ya soma bushewa.

Amir, babban ɗanta, ya zo ranar Juma'a ya tsaya yana kallo. Dama ya daɗe yana son wurin ajiye mota ta biyu. Ya ce idan aka kai baɗi a haka, za a sare duka ukun a shimfiɗa tayil. Daga ranar Mama ba ta ƙara fito da kujerarta ba. Wannan ya fi maganar Amir ci wa Sha'aban rai.

Ya tsinki ganye da 'ya'ya ya zuba a leda, ya nufi unguwar Utaiƙa wurin Idrisu, wani Bazazzagi da ya shekara ashirin yana aiki a mashtal, inda ake sayar da dashe da maganin feshi. Idrisu ya juya ganyen a hannu, ya ce wata irin funfuna ce, a jikin kwalba ana rubuta ta antaraknos, kuma ba ta rayuwa sai da laima.

"A garin nan ina ta samu laima?" in ji Sha'aban.

"Abin da zan tambaye ka ke nan, mutumina. Yaya kake ba su ruwa?"

Sha'aban ya gyara tsayuwa ya kwashe labarin wanka da taki ya faɗa, da alfahari ma. Idrisu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam Sha'aban, a Kura fili ne, iska tana busar da ganye kafin magariba. Nan katanga ce da rumfa, ganye yana kwana a jiƙe. Tarin da ke gindi kuma ɗakinta ne, ruwan tiyonka yana fantsamo ta sama. Kai kake ciyar da ita, kai kake shayar da ita."

Gara a ce marinsa aka yi. Ya karɓi kwalbar magani mai launin shuɗi, ya saurari sauran bayanin kansa a ƙasa, ya koma gida bai ko kunna rediyo ba.

Abu mai wuya shi ne faɗa wa Mama. Zai iya gyarawa ya yi shiru, ba wanda zai sani. Amma gobe za ta ga itatuwa cikin ƙura ta zaci ya yi watsi da su. Ya tsaya a bakin ƙofar falo ya ce, "Mama, ni na jawo ciwon nan. Wankan da nake musu ne."

Ta dube shi. "Ni kuma ina zaune ina sa maka albarka," ta ce. "Halas, ya waladi, ya wuce, ɗana. Je ka yi abin da ya ce."

Ya kwashe tarin gindin nan tas, ya ɗaure a leda ya kai bola. Ya datse duk reshen da ya kamu, yana tsoma almakashi a ruwan bilic bayan kowane yanka. Ya rage cunkoson rassa, ya yaye gefen rumfar don iska ta ratsa. Ruwa ya koma da safe, a gindi kawai, feshi kuma a kan lokacin da Idrisu ya tsara masa. Biyun gefe suka fitar da sabon ganye mai tsabta. Na tsakiya bai tashi ba, don shi ya fi shan wanka, kasancewar shi ya fi so. Da Idrisu ya zo ya ce barinsa zai sake harbin sauran, Sha'aban ya hana a kira kowa, ya ɗauki zarto ya sare shi da hannunsa yana hawaye, bai kuma ɓoye ba.

A watan Maris na shekarar da ta biyo, itatuwa biyun suka yi 'ya'ya, ba masu yawa ba, amma ko ɗaya babu tabo. Amir ya zo ya ci uku a tsaye, bai ƙara ta da zancen tayil ba. Mama ta sa aka fito mata da kujera, ta ɗora tiren shayinta a kan kututturen na tsakiya, ta miƙa wa Sha'aban mafi girma cikin 'ya'yan ta ce ya ci a gabanta. Ya ci, ya ce akwai daɗi, amma idonsa yana kan kututturen.

Har yau yana gidan. Idan guguwa ta taso ta lulluɓe ganyen da ƙura, yakan tsaya da tiyo da safe yana zuba ruwa a gindi, hannunsa na dama ya fara tashi sama da kansa. Sai ya sa na hagu ya danne shi.