Idon Kawu Zagaye

Kawuna tela ne, amma ko a kan keken ɗinki ba ya iya zama. Zai taka sau biyu sau uku, ya miƙe ya leƙa titi, ya dawo yana neman almakashin da ke hannunsa. Mahaifiyata, wadda ƙanwarsa ce, takan ce tun suna yara haka yake, sai ka ce an zuba masa ƙaiƙayi a wando. A unguwa ba mai kiransa da sunan yanka. Zagaye ake ce masa, kuma ƙwallo ce ta jawo masa sunan.

Ma'aikatan kamfanin sabulu ne suka kafa ƙungiyar garinmu. Abokan hamayya suka laƙaba musu 'Yan Kumfa, wai da an hura su za su watse. Su kuwa suka rungumi sunan, har suka sa hoton kumfa a ƙirjin rigarsu. Kawu yana saurayi a lokacin, shi ya ɗinka musu rigunan farko, kuma wasansu ba ya wuce shi. Sai dai duk wasan da ya kalla sai an lallasa su. Ranar da za su buga wasan hayewa babban rukuni, ɗinkin wata mata ya makarar da shi, ya tarar an rufe ƙofar fili. Ya rasa inda zai sa kansa, ya yi ta zagaya katanga yana jin ihun mutane har aka tashi. 'Yan Kumfa suka ci uku da nema.

Daga ranar ya yanke wa kansa hukunci cewa idonsa ne ba shi da sa'a. Bai sake shiga fili ba. Da an hura usur zai kama zagayen katanga, hannu a baya, ba ya amsa gaisuwar kowa. In a wani gari suke wasa, sai ya rufe shago ya zagaya layinmu.

Tarihin ƙungiyar ma a jikin katangar nan yake ba da shi. Kofin ƙasa na farko, zai ce maka yana daidai famfo aka zura ƙwallon. Shekarar da suka zama zakarun gasa, yana wajen mai facin taya. Ranar da baƙi suka zo daga wata ƙasa suka sha kashi, ruwan sama ya yi masa jagab a bayan bandakin 'yan kallo, kuma bai fake ba. Ya san ihun ci, ya san gunagunin an ɓarar, ya san shirun da ke nufin an zura mana. In aka yi rashin nasara, laifi ba ya wuce kansa: ko ya ɗan tsaya gyara takalmi, ko idonsa ya faɗa ta ramin ƙofa. Tun mutane suna dariya har suka yarda. Koci da kansa yakan aiko a duba ko Zagaye ya fito.

Ni dai abin haushi yake ba ni, saboda Yaya Dogo. Shi kaɗai Kawu ya haifa, kuma shi ne golan 'Yan Kumfa tun ina makarantar firamare. Gari duk ya san hannunsa, ban da ubansa. Ko a talabijin aka nuno shi, Kawu juya baya yake yi. Mahaifiyarsa ce ke zuwa kallo tana komawa gida da labari, to ita ma Allah ya yi mata rasuwa. Yaya Dogo bai taɓa ƙorafi ba, amma ni da nake zama bayan raga na sha ganin yana waiwayen ƙofar shiga.

Bara abubuwa suka taɓarɓare. Kamfanin ya rufe, manyan 'yan wasa suka watse, ƙungiya ta gangaro ƙasan teburi. Saura wasa ɗaya: in an yi kunnen doki mu tsira, in an ci mu mu koma ƙaramin rukunin da muka baro tun Kawu yana saurayi. Gwiwar Yaya Dogo kuma ta gama aiki, likita ya ce wannan ne na ƙarshe.

Ana gobe wasa Yaya Dogo ya zo shago, ina can ina taya Kawu sa maɓalli.

"Baba, gobe zan ajiye safar hannu. Na sa an ware maka kujera."

Kawu ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. "In muka faɗi fa?"

"Sai mu faɗi, Baba. Ni dai ka gan ni."

Washegari ban shiga fili ba, na bi Kawu zagaye. Tsoho ne, amma sai da na riƙa haɗawa da gudu. Famfo, mai facin taya, bayan bandaki, ƙofa. Duk isowarmu ƙofa sai ya rage sauri, sannan ya fizgi kansa ya wuce. Aka tafi hutun rabin lokaci ba ci. Na ce masa kujera tana jira, ya ce in rufe masa baki. Aka dawo, ya ƙara zagaye biyu yana magana shi kaɗai, gumi har ya jiƙa masa wuyan riga. A na ukun ya tsaya cak a bakin ƙofa.

Mai tsaron ƙofa ya haɗa hannu yana roƙonsa ya rufa wa gari asiri, saura kaɗan a tashi. Kawu ya ce ya sani, a buɗe masa.

Muna shiga magana ta bi layin 'yan kallo: Zagaye ya shigo. Bai nemi kujerar ba. Ya riƙe ƙarfen bayan raga da hannu biyu, kuma ko sau ɗaya bai bi ƙwallo da ido ba, ɗansa kawai yake kallo. Yaya Dogo yana ta kai-komo a bakin raga, ya taɓa wannan turke, ya je ya taɓa wancan, ya gyara safa, ya yi tsalle, ya sake komawa. Da ya waiwayo suka haɗa ido, ya ɗaga hannu.

Ana dab da tashi baƙin da muke karawa da su suka sami bugun kusurwa. Wani ƙato ya sa kai, ƙwallo ta daki turke ta shige. Shirun da Kawu ya saba ji ta bayan katanga, ranar ya ji shi daga ciki.

Muka faɗi. Mutane suna fita suna harararsa, waɗanda jiya suke dafa kafaɗarsa don neman sa'a. Na ja ɗamara ina jiran wani ya furta ko kalma ɗaya, don ranar a shirye nake. Na ce wa Kawu ba idonsa ba ne, 'yan baya ne suka yi barci.

"Idona ne, 'yata, kada ki wahalar da kanki," in ji shi, hawaye na bin fuskarsa. "Amma kin ga yadda yake yi tsakanin turakun nan? Ashe shi ma ba ya iya tsayawa wuri ɗaya. Duk shekarun nan ba wanda ya gaya mini."

Ya tambaye ni ina kujerar da aka ware masa. Na nuna masa, ya je ya zauna, yana jiran ɗansa ya gama cire safar hannu.