Hotunan Yaya da Ƙafar Inna

Shekarar da ciwon suga ya ci yatsan ƙafar Inna, ni ce mai wanke gyambon safe da yamma a gidanmu na Wara. Ma'aikacin ƙaramin asibiti ya duba, ya ce mu kai ta Yelwa a cire yatsan tun bai haura ba. Har mun yi magana da direba, sai ga babban yayanmu ya diro daga jami'a, takalmi na ƙyalli, kwamfuta a hammata.

Shekara tara ya yi yana binciken wani sinadari da ke sa ƙwayoyin jiki su hayayyafa, tsoka ta tsiro. Ya tara mu a gindin mangwaro ya buɗe hotuna, ɗigo-ɗigo kore da ja. Wai sinadarin iri biyu ne. Dogon yana maƙalewa a cibiyar ƙwayar, gajeren yana zama a gefe, shi ne kuma ke fita waje in nama ya ji rauni. Kawunnanmu, masuntan da ba su taɓa yarda da maganar kowa ba, sai gyaɗa kai suke yi kamar ƙadangaru.

Na ce, "To Yaya, wanne za mu sa ma ƙahwar Inna?"

Ya yi min kallon da ake yi wa kazar da ta shigo masallaci. "Ke mi kika sani? Yanka aikin mutanen da ne. Ku dakata in tuntuɓi abokan aikina."

Aka dakata. Wa zai tsallake maganar mai digiri uku? Kwana goma sha ɗaya yana yawo da waya a bakin ruwa yana neman sabis, bai taɓa ɗaga tsumman ya kalli gyambon ba. In ya shiga ɗakin, hankici mai turare na kan hancinsa. Na tsane shi a kwanakin nan, har yau kuma ban ji kunyar faɗa ba. Iliminsa na gaske ne, na yarda. Cewa "ban sani ba" ce ta fi ƙarfin bakinsa.

Ranar da baƙin gyambon ya kai idon sawu, sai wani taro ya taso masa, ya bi motar asuba.

A Yelwa daga ƙasan gwiwa suka yanke. Da Inna ta farfaɗo ta lalubi bargon, hannunta ya sauka a kan katifa. Sai ta juyo gare ni.

"Yayanku ya isa lahiya? Kira shi, kar hankalinai ya tashi."