Kwalekwalen Inna a Cikin Kwamfuta

Shekarar da ɗiyata ta fari ta gama jami'a, damina guda ta yi a tsakar gidanmu na Ƙofar Marke tana haɗa wasan kwamfuta. Wata mata ce a ciki, tana tuƙa kwalekwale a gulbi, tana kwaso shinkafa daga fadama kafin ruwa ya cinye ta. Ɗiyar tawa ita ta zana komai, har kukan tsuntsaye da wayarta ta ɗauko a bakin gulbin Rima.

Ni kuwa malamin adabi ne a sakandare. Da ta ce mini abin nata fasaha ne kamar waƙa ko zane, sai na ƙi yarda.

"Mawaƙi shi ke ƙarasa waƙarsa, mu namu saurare," na ce. "Naki kuwa sai mai wasa ya sa hannu, kowa da inda zai kai shi."

"To Baba, tatsuniya fa? Kowace kaka da yadda take juya ta."

Na ce tatsuniya daban. Ta ce ba ta ga bambancin ba. Muka bar maganar.

Wata ranar Juma'a da hantsi ta ɗora wa mahaifiyata kwamfutar a cinya. Inna a ƙauyen manoman shinkafa ta tashi, kuma tun da ƙafafunta suka yi nauyi ba ta sake ganin gulbi ba. Jikarta ta nuna mata inda za ta danna. Inna ta tuƙa kaɗan, kwalekwalen yana karkacewa, sai ta janye hannunta a tsakiyar ruwa.

"Inna, shinkafar za ta nutse," in ji ɗiyata.

"Ta nutse. Bar ni nan. Kamar wanga wuri muka wanki da yayata."

Ta daɗe tana kallon ruwan. Daga baya ta ba mu labarin yayar tata da ta rasu tun kafin a haife ni, labarin da ban taɓa ji ba.

Ɗiyata ta ce wannan ya kashe gardama. Na ce tunawa ce ta Inna, ko hoto ma zai iya tayar da ita. Har yau ba mu daidaita ba.

Da ta sami aiki a Abuja, ta bar wa kakarta tsohuwar kwamfutar. Ni aka koya wa kunnawa, kuma ni ke gyara wa Inna matashi idan za ta zauna.