Tafiyata Batsari da Madannin da Ya Ƙi Amsawa Sau Biyu

Ana sallame sallar asuba muka bar Runka a bayan a-kori-kura, ni da wani dattijo maƙwabcina, domin hanyar nan ba a yarda yamma ta riski mutum a kanta. Direba ya tsuga kuɗin mota har na tambaye shi ko Makka zai kai mu. Gero ya kai ƙwauri a gonakin da aka samu nomawa, waɗanda aka gudu aka bari kuwa ciyawa ta haɗiye su.

Abin da ya fito da mu shi ne rajistar taki ta ƙungiyar manoma, kuma ranar ake rufewa. Bara an soke sunayen unguwarmu ɗungurungum, wai mun maimaita rajista don cuta. Alhali mu mutane ne da in muka yi sallama ba a amsa ba sai mu sake. Haka dattawa suka yi ta danna madannin aikawa a shafin intanet na rajistar da sabis ya yi nauyi, ashe kowace dannawa sabuwar rajista ce.

Mun tarar da Batsari kasuwa na ci. Bayan koko da ƙosai masu zafi, muka shiga shagon kwamfuta na 'yar wani aminina marigayi, wadda ita ta gyara shafin rajistar bana. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta cike fom ɗin unguwarmu, ta ce in aika da hannuna. Na danna, shafin ya ƙi tafiya, ya ja jan layi ƙarƙashin lambar wayata, wadda ba ta cika ba. Aka gyara, na danna, sai sabis ya tsaya cik. Yatsana ya koma da kansa, amma madannin ya dusashe, ya ƙi motsi.

"'Yata, lalacewa ya yi?"

"A'a Baba. Na rubuta masa ya saurari dannawar farko, ya kulle kansa har amsa ta zo. Ya ji ku."

Maƙwabcina ya ce ko uwargidansa ba ta taɓa jin sa a kira na farko ba. Ni dai tasbihi nake, har rubutu kore ya bayyana cewa an karɓi unguwarmu.

Kafin la'asar mun shigo Runka lafiya, alhamdulillahi. Na ga injina iri-iri a tsawon rayuwata, kuma dukkansu mu muke wahalar koyon halinsu. Sai a wannan tafiya na ga wanda aka zauna aka koya masa halinmu.