Jingar da Aka Bar wa Matattu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, Allah Ya kai haske kabarinsa. Ban taɓa kiran sunansa yana raye ba, ba kuwa zan fara yanzu a jarida ba. Mutanen ƙauyenmu Sarkin Jinga suke ce masa, ni kuwa Malam. Ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a tausasa min magana, don da ɗacinta nake so ta isa inda na aike ta. Har yau in na tuna shi sai na yi kuka, ba na ɓoyewa. Bana dai kukan ya haɗu da fushi.

Ƙauyenmu yana gabas da Haɗeja, ta wajen Baturiya, a kan ɗan tudun da fadama ta kewaye. In damina ta yi nisa kogi ya kawo, abin da ke tsakaninmu da ruwa jinga ce kawai, ƙasar da aka tara aka daddale, aka riƙe ta da turaku da ciyawa. Gida biyu suka kafa garin: kakannin Malam da suka taho daga wajen tafkin Chadi, da manoman da suka tarar a wurin. Da farko ba sa shiri, kowa na zargin ɗan'uwansa da turo masa ruwa gona. Sai dattawan lokacin suka yanke cewa babu gidan da zai gyara jingar da ke gaban gonarsa. Kai ka gyara ta wani, wani ya gyara taka. In ka yi ha'inci, ka san gonarka ma a hannun wani take. Ranar farko ta gayya kuwa ta makabarta ce, wadda ke bakin fadama. Gari gaba ɗaya ake fita, ba a taɓa ta kowa sai an gama ta waɗanda ba za su iya tashi su yi da kansu ba.

A haka na tarar da garin da aka kawo ni, yarinya. Mu mata mu dama kunu mu kai bakin gari, maza suna cikin taɓo har gwiwa, ana kiɗa ana zolayar rago. Malam ya gaji sarautar a wurin babansa. In an yi ruwa sai ya ɗauki gorarsa ya bi jinga ba takalmi, yana tokarawa, yana neman ramin gafiya. Ba zan ce mai daɗin sha'ani ba ne a bakin aiki. Ya taɓa sa ƙaninsa Sale, uwa ɗaya uba ɗaya, ya rushe nasa kason a gaban jama'a, don ya cusa kara a ciki ya lulluɓe da ƙasa. Da ya dawo gida na ce masa ai da ya ja shi gefe. Ya ce gonar da ke bayan wurin ta makaho ce, shi makahon wa zai ja gefe?

Damina uku bayan rasuwarsa, Sale, wanda ya zama Alhaji yana da injunan ban ruwa, ya tara mutane a ƙofar masallaci. Ya ce tsarin da ɓata lokaci ne, kowa ya tsare gaban gonarsa, ai mutum ya fi kula da nasa. Maganar ta yi wa kunne daɗi, aka amince. Masu hali suka sayo buhuna suka cika da yashi, suka ɗauki 'yan ƙwadago, tasu jingar ta yi tsawo. Marasa hali tasu ta zauna yadda take, ruwa kuwa wurin da ya fi ƙasa yake bi. A taron nan duka, da liman da mai unguwa da 'ya'yan da Malam ya koya wa riƙon fartanya, babu wanda ya tambaya wa zai yi ta makabarta.

Bara ruwa ya ɓalle ta wurin, ya cinye gefen gabas. Maimakon a toshe, sai aka buɗe sabuwar makabarta a kan tudu kusa da titi, aka ce an huta. Mu mata ba ma zuwa makabarta, ban taɓa ganin inda Malam yake kwance ba. Autana Bukar, da ke ɗinki a Haɗeja, shi ya je ya gano. Da ya dawo ya ce, "Inna, in aka yi damina irin ta bara, Baba ba zai kai kaka a wurin ba." Ya yi ƙoƙari da abokansa biyu, amma aikin gari ba na mutum uku ba ne.

Na yafa mayafi na je wurin Sale. Na same shi a zaure yana latsa waya. Da ya gan ni ya fara wasan da muka saba, wai matarsa ta zo biko. Na ce ba wasa ya kawo ni ba, na faɗa masa abin da Bukar ya gani.

Ya ce, "Matar Yaya, waɗanda ke kwance can sun riga sun isa inda za su. Shinkafa ce ba ta isa ba."

Na ce, "Sale, wanda ya goya ka ne fa a wurin. Da uwarku."

Ya ce za a duba bayan an gama dashe. An gama dashe, an yi noman farko, ga hadari yana haɗuwa kullum. Liman ma da na aika masa, haƙuri ya ba ni, ya ce jiki ƙasa ne, rai yana wurin Ubangiji. Na sani, ban musa ba. Amma shi da bakinsa yake wa'azin cewa mamaci yana da haƙƙi a kan masu rai, kuma gonarsa tana bayan buhunan Sale.

Nakan zauna in ce da Malam zai leƙo, me zai gani? Zai ga kwano a kan ɗakuna, da babura, da shinkafa rani da damina, ba zai ƙi ba, don shi ma ya sha yunwa a garin nan. Zai ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, kowa yana jiran gwamnati ta zo ta yanke. Zai ga samari a tsaye kan jinga suna ɗaukar hoton ambaliya. Abin da zai fi ƙona masa rai, maƙwabta biyu sun kai juna ƙara kan wa ya turo wa wani ruwa, rigimar da kakanninsa suka kashe tun ba a haifi ubanninmu ba.

Me ya rage na Malam? Sarautar ba wanda ya nema. Sunan yana nan, duk shekara suna zuwa ƙofar ɗakina su ce an yi rashin mutum, su shafa fatiha su tafi. Addu'a ina so, Allah Ya karɓa. Yabon ne na gaji da ji daga bakin waɗanda suka bar shi ga ruwa.

Na tsufa, ba zan iya ɗaukar kwandon ƙasa ba. Abu ɗaya ya rage a hannuna, na kuma yi shi a gaban shaidu: na bar wasiyya cewa in ta Allah ta kasance, kada a kai ni kan tudu. A tsohuwar makabarta za a sa ni, kusa da shi. In kun gyara kafin nan, kun taka busasshiyar ƙasa. In ba ku gyara ba, ku naɗe wanduna ku ratsa ruwan da ni a kafaɗa, Sale a gaba.