Ranar da Aka Tura Ni Binciken Siton Surukina

Masana sun daɗe suna gardama kan abin da ke rushe dauloli. Wasu su ce yaƙi, wasu su ce yunwa. Ni dai iyakar bincikena ya nuna mini cewa babu hukumar da za ta tsaya da ƙafafunta matuƙar jami'inta yana durƙushe.

Shekarun baya, ina aiki a wani ofishi a Birnin Kebbi mai duba shagunan magani da wuraren ajiyar dillalai, sai ƙorafi ya zo daga Argungu. Iyaye mata suna cewa wani maganin zazzaɓi na ruwa da ake ba yara ya sauya launi, wasu kwalaben ma murfinsu ya yi tsatsa. Shugabana ya miƙo mini takarda, ya ce gobe in je in duba siton dillalin kamfanin da ke yin maganin. Na karanta sunan da ke jiki har sau biyu, suna ne da ban taɓa furtawa da bakina ba. Mahaifin matata ne.

Da ina da hankali, nan take zan yi magana. Amma na yi boko, shi kuwa boko yakan sa mutum ya ɗauka ya fi ƙarfin abin da ya kayar da kakanninsa. Na ce wa kaina aiki daban, surukuta daban.

Na isa da hantsi, fayil a hammata, biro biyu a aljihu. Ina hango shi zaune a bakin sito, ƙafafuna suka yanke hukunci ba tare da sun nemi shawarata ba. Tun daga nesa na tuɓe takalma, na durƙusa.

"Lale, lale! Kun tashi lahiya? Ina ɗiyata?"

"Lahiya lau, Baba. Tana gaisuwa."

"An ce gwamnati ta aiko mutum, ashe ɗana anka aiko. To shigo mana, wurinku na."

Ya shiga gaba, ina binsa a sunkuye. Duk inda ya tsaya zai yi bayani, sai in sake durƙusawa, don ba ya kyautu babba yana magana kana tsaye a kansa kamar falwaya. Idona kuwa yana ƙasa, inda tarbiyya ta ce ya zauna. To a nan ƙasan abin yake. Jerin katan-katan na ƙasa duk suna da zane ruwan ƙasa, miƙaƙƙe, wajen taƙi guda daga daɓe, irin wanda ambaliya ke bari a jikin bango. Wani katan ya yage a gefe, ina ganin murafun kwalabe sun yi jajir. Da baƙo aka turo, mai tafiya da kai a sama, wataƙila bai gani ba.

Na ce, "Baba, ruwan bana ya shigo nan?"

"Ɗan kaɗan na. Mun fiddo su rana, sun bushe sarai. Ai kwalba ba ta shan ruwa."

Ni da na shekara huɗu ina karanta yadda magani ke lalacewa, na buɗe baki na ce, "Haka ne, Baba."

Aka kawo shinkafa da kifi. Ban taɓa ba, don ba a ci gaban suruki. Saboda haka in an tsayar da ni gaban alƙali, zan iya rantsuwa ko ruwa ban sha ba.

Kwana uku rahoton nan ya ƙi rubutuwa. In zauna, in tashi, in fita har bakin titi in dawo ban sayi komai ba. Matata ta ce, "Malam, tun shekaranjiya kake kai da kawo kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Lafiya?" Na ce aiki ne. Na hau mashin zuwa unguwar Nassarawa wurin mahaifiyata, na kwashe komai na faɗa mata.

Ta ce, "Kai za ka kai ƙarar uban matarka? Da wane baki za ka gaishe shi ran Salla?"

"Inna, yara fa ke shan maganin."

Ta juya carbinta. Sannan ta ce, "To ka ce musu kai ba ka iyawa. Su aiki wani."

Na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Na rubuta wasiƙa shafi biyu cikin Turanci mai kyau, na bayyana dangantakata da mai siton, na roƙi a janye ni. Babu layi ɗaya a cikinta da ya ambaci ruwa.

Shugabana ya karanta, ya yi dariya har ya cire tabarau. "Malam, in kowa za shi janyewa don dangi, wa za a bari cikin ohis ɗin ga? Ni kaina ƙanena wakilin kamfani na." Duk da haka ya amince, ya tura wani abokin aikina. Na tare shi a baranda, na ce, "In ka je, ka dubi katan-katan na ƙasa." Ya dafa kafaɗata, ya ce in kwantar da hankalina. Rahotonsa ya dawo fes: sito lafiya lau, sai dai a riƙa ɗora kaya kan katako.

Daga baya aka riƙa karanta wasiƙata a taron bita, a matsayin misalin riƙon amana. Sau biyu ana tafa mini. Surukina bai taɓa tayar da zancen ba har ya koma ga Allah, kuma ban taɓa jin an ce wani yaro ya cutu ba. Sai dai ban je na tambaya ba. Abin da na gane shi ne, janyewa tana wanke sunan mutum, amma abin da ido ya riga ya gani yana nan a wuyansa. Har yau in na ga uwa tana girgiza kwalbar magani kafin ta ɗura wa ɗanta, sai in rasa inda zan sa idona.

Shi kuwa abokin aikin nawa, tun da ya yi ritaya shi ne manajan siton.