Suwic Biyu Masu Lamba Ɗaya

Shekara huɗu na yi a ƙarƙashin mutumin da ya kafa ɗakin kwamfuta na wurin aikinmu a Kazaure. Da ya yi ritaya sai ya miƙa mini makullai, ya koma garinsu Roni ya kama noma. Baba muke ce masa, duk da bai kai mahaifina shekaru ba.

Aikinmu ajiye bayanan marasa lafiya ne na wasu ƙananan asibitoci a Babura da Gwiwa da Roni. Bayanan suna cikin wani babban akwatin ma'ajiya, kuma kwamfutocinmu ba sa isa gare shi sai ta wata na'ura mai ramuka da yawa da muke kira suwic, inda ake cusa wayoyin fayiba masu ɗaukar bayanai. Ramukan namu sun cika, sai aka sayo sabo babba domin a haɗa su su yi aiki tare.

Wata Asabar da safe, a tsakiyar damina, na ɗaura sabon, na ja waya daga shi zuwa tsohon. Maimakon fitilar ramin ta tsaya koriya, sai ta riƙa ƙyaftawa a hankali. Na sauya waya, na goge bakinta, duk ɗaya. Da na leƙa cikin saitinsu na ga dalili. Kowane suwic yana da lambar da ake gane shi da ita, lambar domen, kuma biyu ba sa haɗuwa in lambarsu ɗaya ce. Tsohon yana kan ɗaya. Sabon ma da ɗaya ya zo daga kamfani.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Tunda sabon ya fi girma, shi ya dace da ɗaya, tsohon ya koma biyu. Sai dai ba a canza lambar sai an tsayar da suwic ɗin. Na rubuta umarnin tsayarwa, yatsana yana kan maɓalli, sai na tuna cewa a duk zamana da Baba ban taɓa ganin ya tsayar da wannan na'ura ba. Ko janareta za a gyara, sai ya tabbatar baturan ajiyar wuta sun cika tukuna. Na janye hannuna na kira shi. Wayarsa a kashe. Na sake kira har sau biyar.

Na yi ta kai-kawo a ɗakin, ina jin kunyar a ce abu kaɗan ya gagare ni. Daga baya na goge umarnin, na kulle ƙofa, na tari ɗan acaɓa zuwa Roni.

Matarsa ta ce yana gona, ta kwatanta mana hanya. Na same shi a sunkuye cikin gyaɗa da fartanya, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi mutanen ofis ɗaya bayan ɗaya, har mai gadi, ni kuwa zuciyata tana Kazaure. Sai da muka zauna a gindin wata darbejiya sannan na faɗa masa.

"Wanne za ka canza?" ya tambaya.

"Tsohon, Baba. In mayar da shi biyu."

Ya ajiye butar da zai sha ruwa. "Ka canza?"

"Ban canza ba."

"Alhamdu lillahi," ya ce, ya maimaita. Sannan ya yi mini bayani. Lokacin da ya tsara wace kwamfuta ce za ta ga wane sashe na ma'ajiyar, da lambar suwic da lambar rami ya rubuta komai: ɗaya da rami na uku, ɗaya da rami na bakwai, haka har ƙarshe. Da na mayar da ɗayan nan biyu, da duk kwamfutocin sun nemi ma'ajiyar sun rasa. Bayanan ba za su ɓace ba, amma asibitocin za su wayi gari babu fayil ɗin mara lafiya ko ɗaya, ni kuma ina laluben abin da ban san yadda aka ƙulla shi ba.

Na faɗa masa cewa har na rubuta umarnin, saura in danna.

"Laifina ne," ya ce. "Ya kamata in rubuta maka kafin in tafi. Na yi ta cewa gobe. Je ka ba sabon biyu, tunda ba a jona masa komai ba. Kuma ka ɗaure masa lambar, kada a ɗauke wuta ya tashi da wata."

Ruwa ya tare mu ni da ɗan acaɓa a hanyar dawowa, muka fake a wata rumfar mai faci kusan awa guda. Bayan la'asar na isa, rigata a jiƙe. Na tsayar da sabon, na ba shi biyu, na ɗaure, na tashe shi. Fitilar ta ƙyafta sau uku ko huɗu, ta tsaya koriya. Na duba jerin na'urorin da ke haɗe, ga su nan su biyu, ɗaya da biyu, kowanne yana ganin ɗan'uwansa.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba sai da na kira wata dattijuwa mai kula da fayiloli a asibitin Babura, wadda na san tana aikin Asabar. Na roƙe ta ta buɗe kowane fayil ta gani.

"Ga shi ya buɗe," ta ce. "Lafiya dai ko, ɗan nan? Wani abu ne ya faru?"

"Babu komai, Hajiya. Gwaji nake yi."

"To, Allah ya yi albarka. Ina da mutane a layi."

Na zauna a ƙasa na jingina da bango. Sai a lokacin na tuna ko karin kumallo ban yi ba, na tashi na fita neman mai shinkafa da wake.